Za ka zaɓi ɗanka kamar yadda ake zaɓen iri a Dawanau?

Idan kana yawan leƙa TikTok ko X, da wuya a ce ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba: wani Bature cikin farar riga yana bayanin cewa lokaci ya kusa da iyaye za su zauna gaban kwamfuta su zaɓi tsawon ɗansu da launin idonsa, har da kaifin ƙwaƙwalwarsa, tun kafin a ɗauki cikinsa. Wasunmu su ce a'uzubillahi, ƙarshen duniya ya zo. Wasu kuma su yi raha, su ce su dai a haɗa musu ɗan ƙwallo mai ƙafar hagu irin ta Messi. A yi dariya a wuce.

Kada ka yi saurin wucewa. Rabin maganar gaskiya ce. A 2025 wani kamfanin Amurka mai suna Nucleus Genomics ya fara tallata wa ma'auratan da ke neman haihuwa ta hanyar dashen ciki cewa zai duba ƙwayoyin gadon 'yan tayinsu, ya jera musu su a allo: wannan ana hasashen zai fi tsawo, wancan ana hasashen ba zai yi ciwon suga ba, sai su zaɓi wanda za a dasa. Kuma idan kana ganin abin ya yi nisa da mu, to ka sani duk saurayin da ke shirin kai kuɗin gaisuwa a Dawakin Tofa ko Tumfafi ko Kwa ya riga ya shiga cikin wannan muhawara, ko ya sani ko bai sani ba. Takardar gwajin jinin da za a nema a wurinsa kafin ɗaurin aure, hukunci ce a kan irin gadon da zai bai wa 'ya'yansa.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. Ba a ɗaura aure sai an kawo shaidar gwajin jinotayif, da na ciwon hanta nau'in B da C, da na HIV. Wanda ya karya dokar yana iya fuskantar tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun. Tun kafin nan ma, a auren gatan da Hisbah ta shirya a watan Oktoban 2023, sai da aka yi wa angwaye da amare 1,800 irin wannan gwaji.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 2006 ya ce ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ƙwayar gadonta, wato AS. Ka ƙirga abokan da kuke zama a majalisa da yamma. Idan ku takwas ne, mai yiwuwa biyu daga cikinku AS ne, lafiyarsu ƙalau, suna noma suna buga ƙwallo, ba abin da ke nuna alama.

Sunan cutar ma daga gona ya fito. Kalmar da muka mayar sikila, a Turanci lauje take nufi. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala. Na mai SS kuwa, da zarar iskar oksijin ta yi ƙaranci sai su lanƙwashe kamar laujen yankan ciyawa, su yi tauri, su toshe hanya. Daga nan ciwon ƙashin nan yake tasowa, wanda ke sa yaro ihu cikin dare lokacin hunturu. Iyayenmu sun daɗe da saninsa, suna ce masa amosanin jini. Duk wannan azaba daga canjin harafi ɗaya tak ta samo asali, a cikin haruffa kusan biliyan 3 da aka rubuta halittar ɗan Adam da su.

Ga lissafin da ya kamata ki riƙe, 'yar uwa, don samari da yawa suna murɗa shi idan soyayya ta yi zafi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, kashi 50 na zama AS, kashi 25 na zama AA. Kowane ciki fa aka ce. Ba wai ɗa na huɗu ne zai zo da cutar ba, balle wani ya ce miki "ai uku kawai za mu haifa mu tsaya". Kamar jefa kwabo ne, kowace jifa sabuwa ce. Akwai gidan da 'ya'yan fari uku a jere duk SS ne, akwai gidan da aka haifi shida ba ko ɗaya. Kuma ba S kaɗai ba ce, akwai C, wadda idan ta haɗu da S ita ma cuta ce. A ƙauyukanmu da auren zumunci ya yi ƙarfi, gwajin ya fi zama dole, domin 'yan uwan jini sun fi yiwuwar ɗaukar ƙwayar gado iri ɗaya.

To yanzu ka duba da kyau. Saurayi da budurwa sun yi shekara uku suna tare, gwaji ya fito AS da AS, suka haƙura suka rabu cikin hawaye. Me suka yi? Sun zaɓi irin jinin da 'ya'yansu ba za su gada ba. Ba wanda ya ce sun shiga hurumin Ubangiji, malamai ma yaba musu suke yi. Ashe ke nan ba zaɓin ne matsalar ba. Tambayar ita ce me ake zaɓa, don amfanin wa, kuma wa zai ɗauki asarar idan aka yi kuskure.

Almakashin da ya shigo duniya

A 2012 wasu masana biyu mata, Jennifer Doudna ta Amurka da Emmanuelle Charpentier ta Faransa, suka nuna yadda za a yi amfani da wata dabara da ake kira CRISPR a yanke ƙwayar gado daidai wurin da ake so, kamar yadda tela ke bin alli da almakashi. A 2020 aka ba su kyautar Nobel. Cutar farko da aka amince a yi wa magani da wannan almakashi kuwa, tamu ce. Birtaniya ta amince da maganin Casgevy a watan Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ana ɗibar ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a gyara su a ɗakin gwaji ta yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke yi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa, sannan a mayar masa. Victoria Gray, matar da aka fara gwada wa a Amurka a 2019, ta rabu da ciwon da ya addabe ta tun tana jaririya.

Abin farin ciki ne, amma ka ji kuɗin: dala miliyan 2.2. A canjin naira 1,500 kan dala, ya haura naira biliyan 3. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin Kano, naira 71,000, sai ya yi sama da shekara 3,800 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba. Kafin a mayar da ɓargon kuma sai an ba majinyaci magani mai ƙarfi irin na masu kansa, wanda ke iya hana shi haihuwa. Cutar tana Kano, maganin yana Landan da Boston.

Sai dai ka lura da abu ɗaya game da wannan magani. Gyaran a jikin majinyacin ya tsaya. Mutum ne da ke raye, yana shan wahala, an yi masa bayani, ya yarda ko iyayensa sun yarda. 'Ya'yan da zai haifa ba za su gaji gyaran ba.

Wanda ya tsallake wannan iyaka shi ne He Jiankui, wani masani a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. A watan Nuwamban 2018 ya fito a YouTube ya sanar cewa an haifi tagwaye mata, waɗanda aka saya sunansu da Lulu da Nana, bayan ya gyara ƙwayoyin gadonsu tun suna 'yan tayi a ɗakin gwaji. Mahaifinsu yana ɗauke da HIV, shi kuma He ya ce ya lalata wata ƙwayar gado mai suna CCR5, ƙofar da ƙwayar cutar ke bi ta shiga jiki, don kada yaran su taɓa kamuwa. Ka ga dai yaran ba su da ciwon komai. Akwai kuma hanyoyi sanannu masu sauƙi na hana uba sa wa ɗansa HIV. Da masana suka duba bayanansa sai suka ga yankan bai fito yadda ya nufa ba, ya haifar da canje-canjen da ba a taɓa gani a jikin mutum ba, kuma ba duk ƙwayoyin jikin yaran ne gyaran ya kama ba. Garin gyaran gira ana neman rasa ido. A Disambar 2019 kotu ta ɗaure shi shekara 3 tare da tarar yuwan miliyan 3. Ya fito a 2022, ya koma ɗakin gwaji. Yaran kuwa ba su da inda za su fita su je. Abin da aka canza yana jikinsu har mutuwa, kuma yana iya bin 'ya'yansu da jikokinsu.

Manomi ya san bambancin

Mutumin Dawakin Tofa ba baƙo ba ne a harkar zaɓen iri. Kasuwar Dawanau, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma, a ƙaramar hukumarmu take. Tun kaka da kakanni manomi ke ware zangarniyar gero mafi cika ya rataye ta don shukar baɗi. Har wake mai gyararriyar ƙwayar gado muna da shi: SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ta fitar a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Sai da aka yi kusan shekara 10 ana gwada shi a killatattun gonaki kafin a sake shi, kuma har yau ana gardama a kansa.

Amma idan iri bai yi ba, manomi ya tuge shi, ya ƙone, baɗi ya sauya wani. A gwajin iri ana shuka dubbai a zubar da dubbai don a samu guda. Ɗan mutum fa? Wa za a tuge? Wannan shi ne wurin da kwatancen ya karye, kuma masu tallar "ingantaccen jariri" ba sa son a tsaya a nan.

Akwai kuma darasin da ita kanta sikila ke koyarwa, wanda a ganina ya fi kowane ƙarfi. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ƙwayar S ta yi yawa haka a ƙasarmu, alhali tana kashe yara? A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, da ya yi bincike a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A nan kusa da mu ma an gani. A binciken zazzaɓin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Garki a shekarun 1970, lokacin tana cikin Jihar Kano kafin a yanki Jigawa, an samu kusan jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun mai SS, domin yawancinsu ba sa wuce ƙuruciya. Masu AS kuwa, kasonsu ƙaruwa yake yi daga jarirai zuwa manya, saboda zazzaɓi ya fi ɗaukar 'yan uwansu masu AA. Wato ƙwayar da muke gudu a yau, ita ce ta tsallakar da kakanninmu da yawa daga damina zuwa damina. Haka ita ma CCR5 da He Jiankui ya lalata: rashinta na kare mutum daga wasu nau'o'in HIV, amma yana sa wata cutar da sauro ke yaɗawa, zazzaɓin Yammacin Nilu, ta fi yi masa illa. Wanda ya ce ya san wace ƙwayar gado ce mai kyau, wace ce marar amfani, sai ka tambaye shi: a wane gari, a wane zamani?

Batun tsawo da basira ma, yawancinsa cika baki ne na 'yan kasuwa. Sikila harafi ɗaya ce, shi ya sa ake iya gano ta da tabbaci. Tsawo kuwa, wani babban bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya duba mutum sama da miliyan 5, ya gano wurare fiye da 12,000 a ƙwayoyin gado da ke da hannu a cikinsa. Basira ta fi haka rikitarwa. Kuma yawancin mutanen da aka gina irin wannan hasashe da jininsu Turawa ne, don haka idan aka kawo shi kan ɗan Afirka sai ƙarfinsa ya ragu sosai. Abin takaicin shi ne mun san abin da ke rage wa yaranmu tsawo da kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ba a ƙwayar gado yake ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna sama da rabin yaran Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. A jihar da tireloli ke layi a Dawanau suna lodin wake da waken suya da riɗi zuwa ƙasashen waje.

Da an ba mu almakashin, me za mu yanka?

Wannan tambayar ce ba ma son amsawa da gaskiya. Mu bar Turawa da idanunsu shuɗaye, mu dubi kanmu. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. A 2025 BBC ta yi rahoto daga Kano kan iyaye mata da ke shafa wa ƙananan 'ya'yansu man bilicin, har fatar wasu ta ƙone ta bar tabo, saboda a dangi an fi nuna so ga yara masu haske. Waɗannan iyaye ba maƙiyan 'ya'yansu ba ne. So ne ya kai su, da tsoron kada a raina musu ɗa. To wanda ya iya shafa wa jaririya sinadari don ta yi fari, kana ganin idan aka ce masa ga allura ɗaya da za ta sa a haife ta fara sol, zai tsaya dogon tunani? Sai kuma son ɗa namiji. Indiya ta kai ga kafa doka a 1994 da ta hana likita faɗa wa iyaye jinsin abin da ke ciki, saboda yadda ake zubar da cikin 'ya'ya mata.

Abin da ake kira ingantawa, sau da yawa son zuciyar zamani ne kawai aka sa wa farar rigar likita. Yayi kuma wucewa yake yi. Yau haske ake so, gobe wani abu ne daban, yaron da aka ƙera don yayin bana shi zai rayu da shi shekara 70. Ka kuma yi tunanin zaman gidan da uba ya kashe miliyoyi don a haifa masa likita, yaro ya tashi ya ce shi ɗinki yake so. Yanzu ma da ba a biya ko sisi ba, ka san yadda ake ƙarewa.

Malaman Musulunci sun daɗe da duba wannan. A zamanta na 1998 a Makka, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta halatta amfani da ilimin ƙwayoyin gado don rigakafin cuta ko maganinta, matuƙar ba zai jawo cutarwar da ta fi ba, ta kuma haramta taɓa halittar mutum da sunan kyautata iri. Iyakar da suka ja ta yi kusa da wadda yawancin masana kimiyya suke kai a yau. Ba wai iyakar a miƙe take sambal ba. Ma'aurata AS da AS da suka riga suka yi aure, suka binne ɗa ɗaya, suka je wani asibitin kuɗi a Legas ko Abuja aka haɗa musu 'yan tayi ta hanyar IVF, aka gwada, aka dasa wanda ba SS ba, ni dai ban ga bakin da zan zarge su da shi ba. Ba su canza komai a jikin ɗan ba, guje wa cuta suka yi. Amma na'urar da ta nuna musu SS ita ce dai za ta nuna musu mace ko namiji, kuma likitan da ke karɓar miliyoyi ba kullum yake cewa a'a ba.

Akwai wani haɗarin da ya fi kusa da mu fiye da duk wannan, shi ne yadda muke magana a kan masu sikila da suke raye a cikinmu. Ka duba abin da ake rubutawa duk lokacin da batun jinotayif ya taso: "kada ku haifo mana wahala", "SS ai asarar kuɗi ne". Wanda ke karantawa fa yana iya zama ɗalibi a Jami'ar Bayero mai SS, ko budurwar da aka fasa aurenta sau biyu. Yaƙi da cuta daban, nuna wa mai ita cewa bai kamata a haife shi ba daban. Amurka ta taɓa faɗawa wannan rami. A shekarun 1970 gwajin sikila ya zama hanyar hana baƙaƙen fata aiki da inshora, har makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta ƙi ɗaukar masu AS, ba ta janye ba sai 1981. Dokar Kano ta 2024 ta haramta tsangwamar masu sikila da HIV da ciwon hanta, amma doka ba ta shiga zaure, ba ta shiga waya. Mai SS yana iya auren AA, ba ɗansu ko ɗaya da zai zama SS. Mutane nawa ne suka san haka kafin su ce a'a?

Su kuma yaran da aka riga aka haifa, ba sai an jira dala miliyan 2.2 ba. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, likitocinmu da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi gwajin da aka wallafa a 2022. Ana duba gudun jini a kan yaro mai sikila da na'ura don gano wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sai a ɗora shi a kan ƙwayar haidiroksiyuriya, kuma sun nuna ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. Ƙara da gidan sauro, da rigakafi, da folik asid, da shan ruwa sosai, da kai yaro asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi. Ba a yin bidiyon waɗannan a TikTok, amma su ne ke kai yaro mai SS aji shida har ya wuce.

Kai kuma da ba ka yi aure ba, kada ka bari sai an sa rana, an kai lefe, an buga kati, sannan ka je gwaji. A lokacin ne ake samun wanda zai lallaɓa ya nemi a rubuta masa AA a takarda, ko iyaye su ce a rufa asiri a bar wa Allah, kunyar fasa biki ta fi ƙarfin tsoron abin da ba a gani ba tukuna. Ka yi gwajin tun ba ka da kowa a zuciya. Ka maimaita a wani wurin daban, domin ɗakunan gwaji suna kuskure, musamman inda kayan aiki suka tsufa, kuma wanda aka ƙara wa jini cikin 'yan watannin nan sakamakonsa na iya fitowa ba daidai ba. Idan magana ta fara ƙarfi tsakaninku, ku je tare, kowa ya ga an ɗebi jinin ɗan uwansa, ku karɓi takardar hannu da hannu daga ma'aikacin, ba hotonta ta WhatsApp ba.